Uwargida, tattara hijabinki kafin babur ya tashi

Yau da ke nake son yin magana, 'yar uwata da ta haura shekara 40, wadda ba ta rabuwa da hawa babur a cikin garin Gombe, ko a bayan ɗan acaɓa, ko a bayan maigida ko ɗanki, ko kuma ke ce da kanki kike tuƙa 'yar roba-robarki zuwa wurin aiki. Maigida ma kada ya tsallake shafin nan, akwai nasa rabon a gaba.

Labarin da zan ba ki a kaina ya faru, yau shekara biyu ke nan. Wata Asabar ce ana walimar auren 'yar ƙanwata a Pantami, ni kuma ina Tudun Wada, ga shi na makara. Duk Keke Napep ɗin da ya zo wucewa cike yake, sai na tsayar da ɗan acaɓa. Na ci ado da sabon leshi, na ɗora wani hijabi mai santsi har ƙasa wanda babbar 'yata ta aiko mini, ƙafata kuma da silifas mai ɗan tudu. Ina hawa yaron ya waiwayo ya ce, "Mama, a ɗan tattara hijabin." Sai na ji raina ya sosu. Na ce a zuciyata, yaron da na haifi kamarsa ne zai koya mini sutura? Na ce masa, "Kai dai ja mu tafi, tun ba a haife ka ba nake hawa mashin." Na jawo gefe ɗaya na ɗora a cinya don in rufe masa baki, ɗaya gefen kuma na bar shi yana reto.

Muna dab da wani shataletale na ji kamar wani ƙato ya damƙi wuyana ta baya ya fizga. Ko salati ban samu na ƙarasa ba. Abin da na iya tunawa shi ne ina kwance a kan kwalta, numfashina ya ɗauke, wata mai gasa masara tana ihu tana neman wuƙa. Da wuƙarta aka yanke hijabin, domin ya naɗe a tayar baya tamau. Abu biyu Allah Ya sa suka zama sanadin tsirata: cunkoso ya sa yaron ya riga ya rage gudu, sannan ɗinkin haɓar hijabin ya ɓalle. Duk da haka na tashi da karaya a tsintsiyar hannun dama, da ƙunar salansa a ƙwauri, da wani baƙin zobe a wuya wanda ya yi kusan wata guda kafin ya baje.

Mako shida na yi da hannu a ɗaure. Ke da kike uwa kin san abin da wannan yake nufi. Ba tuƙa tuwo, ba wanki, ɗaura zani ma sai an taimaka mini. Ranar da 'yar autata ta riƙe mini buta ina alwala da hannu ɗaya, sai da na yi hawaye a ɓoye. Masu zuwa dubiya kowa ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma ni na san an gaya mini gaskiya na ƙi ji. Malamanmu kullum suna karantar da mu cewa ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali. Ni ranar ban ɗaure nawa ba.

Da na warke maigida ya ce ni da acaɓa har abada. Na ce to, amma ba a yi wata biyu ba maganar ta rushe da kanta. Kin dai san Gombe. Tun da ta zama babban birnin jiha a 1996 take ta faɗaɗa, unguwanni sun miƙe har Tumfure da hanyar Bauchi da hanyar Dukku. Akwai lungunan da keke ba ya shiga, musamman da damina in ruwa ya ci hanya. Akwai safiyar da za ki tsaya rabin awa ba ki samu wuri ba. Kano ta hana acaɓa tun farkon 2013, amma mu nan babur ne ƙafar mafi yawanmu, da shi ake zuwa Babbar Kasuwa, da asibiti, da Islamiyya, da gidan suna da na ta'aziyya. Tunda hawan ya zama dole, sai na zauna na yi wa kaina karatun yadda zan riƙa shiga in zan hau.

Abu na farko da na gane shi ne saurin da abin yake faruwa. Babur ɗin da ke tafiyar kilomita 40 a awa, wanda ba wani gudu ba ne, tayarsa tana juyawa kusan sau 6 a daƙiƙa ɗaya. Da zarar wayoyin taya ko sarƙa sun kama bakin yadi, kafin ki buɗe baki ki ce "tsaya" an gama naɗe shi. Shi kuwa hijabinmu zagaye yake da wuya da haɓa, ba shi da wata mafita, saboda haka duk ƙarfin injin a wuyanki zai sauka. Gyale mai tsawo da aka yafa aka zagaya da shi wuya ma haka ne. Kuma wannan ba a kanmu aka fara ba. A 1927 wata shahararriyar mai rawa 'yar Amurka, Isadora Duncan, ta rasu a birnin Nis na ƙasar Faransa lokacin da dogon mayafinta ya naɗe a tayar buɗaɗɗiyar motar da take ciki. A Indiya kuwa, inda mata ke naɗa dogon zanen sari, doka ta wajabta a sa wa babur ragar ƙarfe da za ta rufe aƙalla rabin tayar baya. Ki lura da wasu baburan da ake kawo mana daga can, za ki ga ragar a gefe. Abin takaici, wasu masu babur kan kwance ta, wai tana ɓata kwalliya.

Abu na biyu likitan da ya duba hannuna ne ya fahimtar da ni. Ya tambaye ni ko na daina ganin al'ada, na ce masa shekara uku ke nan. Ya ce daga lokacin da mace ta daina al'ada, sinadarin da ke taimaka wa ƙashinta ya riƙe ƙarfinsa yana raguwa, ƙashi ya riƙa yin rauni a hankali ba tare da wani ciwo ya sanar da ita ba. Faɗuwar da budurwa za ta yi ta tashi ta kakkaɓe zani, ita ce ke karya mana tsintsiyar hannu ko ƙashin ƙugu. Karayar ƙugu kuwa a shekarunmu takan kwantar da mace watanni, wata ma ba ta komawa tafiya kamar da. Ya ƙara da cewa mai ciwon suga ta fi kowa bukatar kiyaye ƙafarta, domin 'yar ƙunar salansa da wata za ta warke cikin mako biyu, ita tana iya zame mata gyambo. Jiki magayi, 'yar uwa. Jikin shekara 50 ba na shekara 20 ba ne.

To bari mu bi kayan ɗaya bayan ɗaya, mu fara da hijabin. Ba cewa nake yi ki rage sutura ba. Na je wurin telata na ce ta ɗinka mini hijabin fita mai hannu, wanda ya tsaya a gwiwa, da roba a wuyan hannu don kada iska ta buɗe shi. Faɗinsa daidai misali, ba irin wanda mutum biyu za su iya shiga ba. Dogon hijabina na salla da na taro yana ninke a jaka, in na sauka sai in ɗora. Ranar da ya zama dole in hau da dogo, ga yadda nake yi: kafin in ɗaga ƙafa, sai in kamo bakinsa na baya da na gefe biyu, in tattaro su gaba, in zauna a kan na bayan, sauran in cusa tsakanin cinyoyina. Sannan in shafa hannu dama da hagu da baya in tabbatar babu abin da ke lilo. Sai na gama nake cewa yaron ya ja. Duka-duka minti ɗaya ne. In gyale ne, kada ki zagaya shi a wuya, ki rufe kai da kafaɗa ki haɗa bakunansa biyu a gaba ki danne. Abaya mai jan ƙasa da mai faffaɗan hannu ma a yi mata haka.

Sai irin yadin. Yadudduka masu santsi na roba, irin waɗanda suka cika kasuwa yanzu, suna da illa uku a kan babur: suna zamewa daga inda kika cusa su, iska tana saurin ɗaga su, in kuma suka taɓa salansa narkewa suke yi su manne a fata. Atamfar auduga da shadda da duk yadi mai ɗan kauri sun fi zama inda aka ajiye su, sun fi kuma kare fata in an gurzu a kwalta.

Daga nan sai ƙasa. Na daɗe ina ganin dogon wando kayan 'yan mata ne, yanzu kuwa ba na fita sai da shi a ƙarƙashin zani. Ki ɗinka na yadi mai kauri wanda ya sauka har idon sawu, mai ɗan tsukakken baki. Ribarsa biyu ce: yana shiga tsakanin ƙwaurinki da salansa, sannan ko Allah Ya kawo faɗuwa, ba za ki tashi kina neman abin rufe jiki a tsakiyar titi ba. Da wando a ciki kuma za ki iya zama sosai, ƙafa ɗaya kowane gefe, kowace a kan matakinta. Na san da yawa daga cikinmu sun fi son zaman gefe ɗaya saboda kunya ko ciwon gwiwa. Amma mai zaman gefe ba ta da abin da za ta maƙale babur da shi, birki ɗaya mai ƙarfi ko rami ɗaya ya isa ya zamar da ita, kuma sau da yawa ta baya take faɗuwa, ƙeya ta bugu. In gwiwarki ba za ta bar ki ki zauna daidai ba, gara ki jira keke ko da za ki makara. Matsattsen siket kuwa ba kayan hawa babur ba ne sam. Ki kuma saba hawa da sauka ta gefen hagu, domin a yawancin babura salansa a dama take, wasu ma biyu gare su, sai ki duba kafin ki sauke ƙafa.

Takalmi shi ne abin da muka fi rainawa. Silifas yana zamewa daga mataki, in ya zame kuma diddige tayar baya yake nufa. Ma'aikatan jinya za su gaya miki irin raunin diddigen da suke gani, na manya da na yara. Ki nemi takalmi rufaffe marar tsini, mai riƙe diddige, wanda ƙasansa ba ya santsi. Kambas ma ya wadatar. Takalmin biki a sa shi a leda, a canza a ƙofar gidan biki. Babu wanda zai san da me kika zo.

Yanzu sai babbar magana, hular kwano. Na san dariya za ki yi, ni ma na yi. Kina iya tuna farkon 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka don su tsere wa kamu. Aka yi ta yaɗa cewa ana sa asiri a hular ɗan acaɓa, wasu kuma suna ƙyamar gumin wani da ƙwarƙwata. Maganin wannan duka shi ne ki mallaki taki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, ta kuma ce sa hular kwano yadda ya kamata yana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin 100. Hannu in ya karye ana ɗora shi, kai kuwa ba shi da maɗori.

In za ki saya, ki je da kanki ki gwada a kan hijabin da kike fita da shi. Ta zauna daram, in kin girgiza kai kada ta yi rawa, kada kuma ta matse ki har ta sa ciwon kai. Ki duba cikinta, a sami farin abu mai kauri a ƙarƙashin soson, shi ne yake shanye bugu. Hular 'yan gini ba ta wannan aikin. Ki ɗaure igiyar haɓa yadda yatsa biyu kawai za su iya shiga, domin hular da ba a ɗaure ba ita ce ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba ta fashe ba, shi ya sa ba na ba da shawarar sayen ta hannu. Araha ba ta ado. Ɗaurin ɗankwali mai tudu da kitson da aka tara a tsakiyar ka ba sa barin hula ta zauna, sai ki sa 'yar hular yadi a ciki, ɗankwalin ki ɗaura in kin isa. Allurar riƙe mayafi ma a cire ta.

Ina da ƙawa ma'aikaciyar lafiya, ta girme ni da shekara biyu, ta fi shekara goma tana tuƙa babur ɗinta zuwa aiki. Da fari unguwa ta yi ta gulmarta, yanzu kuwa ita ake aike in dare ya yi wata na naƙuda. Ita ce ta ƙara mini wasu abubuwan. Ta ce mai tuƙi da kanta ta sa safar hannu mai kauri, domin duk wanda zai faɗi tafin hannu yake fara kai wa ƙasa. Da hunturu, lokacin da ƙura ke rufe gari, ta sa tabarau ko ta sauke gilashin hula, ta sa rigar sanyi mai zif a ƙarƙashin hijabi maimakon ta naɗa mayafi a wuya. Da zafin Maris da Afrilu kada ta ce za ta ajiye hula, ta nemi mai kafofin shan iska, ta sha ruwa kafin ta fita. Da damina ta sayi rigar ruwa mai riga da wando, ba irin mai faɗi da ke rufe har taya ba. In magariba za ta riske ta a hanya, ta sa hijabi mai haske, domin mace cikin baƙin hijabi a titin da ba fitila, direba ba ya ganinta sai ya zo dab. Ta ce kuma in idonki ya fara rauni har kina sa tabarau don karatu, ki je a duba ko kina bukatar na ganin nesa kafin ki ci gaba da tuƙi.

Jaka ma sai an kula. Mai doguwar igiya tana iya faɗawa taya kamar hijabi, ki rungume ta a gaba ko ki ba ɗan acaɓa ya ɗora a kan tanki. Hannunki ɗaya aƙalla ya zama yana riƙe da ƙarfen baya. Mu kakanni kuma mu ji tsoron Allah game da jikoki. Goyo a baya, wani a cinya, ga ledar cefane a hannu, in babur ya karkata wa za ki tara? Zanen goyo da majanyi su ma suna lilo, ƙafar ƙaramin yaro kuma ba ta kai mataki, wayoyin taya take nufa.

In Allah Ya ƙaddara abin ya faru a gabanki, ga abin da ya kamata. A kashe injin, a yanke yadin da ya shaƙe wuya, kada a tsaya warwarewa. Kada a ɗaga wadda ta faɗi a sungume ta ana lanƙwasa wuya, kada a ɗura mata ruwa in ba ta cikin hayyacinta. A kira lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, wato 122. Ƙunar salansa a zuba mata ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi na kamar minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko baƙin mai, ko gishiri. Kada a fasa bororon, kada a ɓanɓare yadin da ya manne, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti, a kuma tambaya game da allurar tetanus. Wadda kanta ya bugu, ko da ta tashi tana cewa lafiya lau take, a sa mata ido. In ta fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko jini ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, a garzaya da ita asibiti ko tsakar dare ne. Inda ake zaton karaya kuma a fara yin hoton ƙashi kafin komai.

Maigida, ga naka rabon. Kai ne kake kai babur wurin bakanike, ka sa a mayar da murfin sarƙa da ragar taya in an cire, mai walda ma zai iya ƙera maka. Ka gyara matakin ƙafar baya da ya karye. Kafin ka ja, ka waiwaya ka duba kayan iyalinka da idonka. Kuɗin hular kwano da takalmi da ɗinkin wando duka ba su kai abin da muka kashe a makon farko na jinyata ba. Ku kuma samari da 'yan mata masu aiko wa iyaye tsarabar leshi da turare, wannan karon ku haɗa da hula.

Yaron da ya ɗauko ni, kwana uku bayan abin sai ga shi ya zo gida da ledar lemo, ya durƙusa a bakin ƙofa yana cewa, "Mama, ki yafe mini." Na ce masa, "Ɗana, ni ce zan nemi gafararka, ka gaya mini gaskiya na raina ta." Har yau in mun haɗu a hanya shi yake kai ni, kuma ba ya tayar da mashin sai ya ga na gama shafa dama da hagu. Saboda haka 'yar uwa, duk ranar da wani yaro ya ce miki "Mama, a tattara hijabi," ki tattara, ki sa masa albarka.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu a hanyoyinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.